Mota Mai Kwando Da Ƙasar Lolo

Jama'a, yau za mu yi magana a kan motan nan mai dogon hannu, wadda ke ɗaga mutum sama cikin kwandon ƙarfe, don ya ɗaura fitila ko ya gyara waya a kan turke. Wanda ya je Birnin Kabi watakila ya gan ta. In ta zo garinmu, akwai abin da muka sani wanda mai motar bai sani ba, watau halin ƙasarmu.

Mu nan Lolo kusa da Kwara muke. Ƙasarmu fadama ce da rairayi. Bayan ruwa ya janye, kamar yadda ya yi bayan ambaliyar 2020, sai laka ta bushe a sama, ta yi ɓawo. Baƙo ya gani ya ce tudu ne. Alhali ƙarƙashi taɓo ne. Mutum ya taka ya wuce lafiya, jaki ma ya wuce, amma motan nan ta fi su nauyi nesa ba kusa ba.

Motar tana da ƙafafun ƙarfe da a kan sauke ƙasa kafin a ɗaga hannun. Dole a shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin kowace ƙafa, motar kuma ta zauna daidai, ba karkata. Ga dalili. A ce faɗinta mita 2, kwandon kuwa yana sama mita 10. In ƙafa ɗaya ta nitse faɗin tafin hannu kaɗai, kwandon zai goce wajen kamu guda. Nitsewa kaɗan a ƙasa, babbar gociya ce a sama. In ta ƙara nitsewa, sai motar ta kife da mutumin.

To, wa ya san inda tsohuwar rijiya take, wadda aka cike? Wa ya san tsohon masai, da ramin da aka haƙi ƙasar gini, da bakin kududdufi? Mu ne. Kada kunyar baƙo ta hana mu magana. Mu je tare da mai unguwa, mu nuna wa direba wuraren nan tun bai tsaya ba.

Wanda ke cikin kwando ya kan sa ɗamara, ya ɗaure igiyarta jikin kwandon, ba jikin turke ba. Ba ya taka tsani ko kujera a ciki don ƙarin tsawo. In hadari ya taso da iska, sai ya sauko. Wayar lantarki mai wuta kuwa, a ba ta ratar mita 3 ko fiye, sai dai ma'aikacin da aka koya wa aikinta.

Sa'an nan maganar yara. Mun san su, ko akuya aka ɗaure sai sun taru, balle mota mai hannu. A ja igiya kewaye da wurin, dattijo guda ya tsaya yana korarsu, domin guduma ta kan suɓuce daga sama.