Jawabi a kan ƙwaron katifa da ciwon huka

Zancen yau na wani ƙwaro ne da ke kwana cikin katifa, da bargo, da matashin kai. Ba kuɗin cizo ba ne. Kuɗin cizo ana ganin shi, yana cizo. Wannan ko ba ya cizo, ido ba ya ganin shi. Tsawonshi kamar kashi ɗaya cikin uku na milimeta ne. Ƙafa 8 gare shi, dangin kaska da gizo-gizo ne. Abincinshi dattin fatar da ke zuba daga jikin mutum.

Kashin ƙwaron ne ke kawo wahala. Yana gauraya da ƙura, mai barci ya shaƙa. Wani ba ya jin komi. Wani ko sai atishawa, da majina, da ƙaiƙayin ido. Mai ciwon huka ya hi kowa shan wuya: tari cikin dare, ƙirji na kuka, da sahe ba ƙarhin zuwa gona. A shekarar 1964 likitocin ƙasar Holand suka gano wannan.

To, ga inda ƙwaron yake da rauni. Ba ya shan ruwa. Laimar iska yake tsotsa. In iska ta bushe, sai ya mutu. Shi ya sa a ƙasarmu damina ce lokacinshi, watan bakwai zuwa watan tara, sa'ad da ɗaki ke damshi, aikin gona kuma ya yi yawa. Da rani ya kan ragu, amma kashinshi na nan cikin katifa.

Saboda haka, ranar da gari ya buɗe, a hito da katifa da bargo da tabarma a shanya. Su sha rana mai zahi kamar awa 3, a juya su. Rana ba ta da tsada. Amma rana kashewa take yi, ba ta hidda kashin. Sai a kakkaɓe a waje, nesa da mai huka. Zanen gado da rigar matashin kai a wanke su kowane mako. Ruwan zahi na digiri 60, wanda hannu ba ya jurewa, shi ke kashe ƙwaron. Katifar soso ba ta wankuwa da sauƙi, gara a rufe ta da leda, a shimfiɗa zane bisa.

Kahin shara, a yayyafa ruwa kaɗan, kar ƙura ta tashi. A goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma. A buɗe taga iska ta shiga. Tsummoki da ake tarawa ƙarƙashin gado, a hidda su. Fesa maganin sauro ba ya raba katifa da ƙwaron, warinshi ma na iya tayar da huka.

Wannan aiki taimako ne, ba ya maye magani. Yaron da numfashi ke yi wa wuya, ko ya kasa magana, a kai shi gidan likita nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai maganin shaƙa mai buɗe ƙirji.