Jawabi ga Makiyaya a kan Ciwon Sukari



Yau maganar ciwon sukari za mu yi, irin wanda ke kama mutum bayan ya manyanta. A da muna cewa ciwon attajiran birni ne, amma ga shi ya iso rugga, musamman ga waɗanda suka bar bin shanu suka zauna gari. Jikin mutum yana yin wani abu da ake kira insulin, shi ke shigar da sukarin abinci cikin tsoka. In ya gaza, sai sukari ya taru cikin jini, yana cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa sannu a hankali. Wanda ke fama da ƙishirwa, da yawan fitsari da dare, yana ramewa, ya je asibiti tun bai karya kumallo ba a auna jininsa. In awo ya kai giram 1,26 a lita har sau biyu, to ciwon ne.

To, mu zo ga shayi, domin nan gizo ke saƙar. Mukan kafa buta da safe, da rana, da dare, kowane zama zagaye uku, kuma ba mai ƙidaya sukarin da ke shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya wuce giram 50 a yini, wato kamar ƙwaya 10. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da kusan ƙwaya 7. Ba mu ce a fasa buta ba, mun san ba wanda zai yarda. A tsiyaya wa mai ciwon nasa kafin a zuba sukari, kuma kada a tilasta masa don kunya.

Fura da nono abincinmu ne, sai dai gero ma sukari yake zama cikin jini. A dama ba sukari ba zuma, a sha rabin ƙwarya maimakon a cika ciki lokaci guda. Tuwo kaɗan, miya da yawa, a ƙara da wake da zogale. Wanda ya daina kiwo ya riƙa takawa minti 30 kullum.

Mai shan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, kuma kafin tafiya mashekari ya tanadi wanda zai ishe shi. Wasu ƙwayoyin, irin glibenclamide, suna faɗar da sukari ƙasa ƙwarai in an sha su aka yi doguwar tafiya ba a ci ba: jiki ya yi rawa, gumi ya keto, kai ya juya. Saboda haka a riƙe ƙwayar sukari 3 ko dabino a aljihu, yaran da ke kiwo tare da shi su san wurin. Game da azumi, a tuntuɓi likita tun kafin watan ya kama.

Sai ƙafa. Ciwon yana kashe ji, ƙaya ta soki mutum bai sani ba, gyambo ya ruɓe har a kai ga yanke ƙafa, kuma mun san abin da wannan ke nufi ga mai bin garke. Kada a taka ba takalmi, a kakkaɓe shi kafin a sa. Kowane dare a wanke ƙafa, a duba tafinta da tsakanin yatsu. Rauni komai ƙanƙantarsa, ba a sa masa toka ko kashin shanu, asibiti za a kai shi washegari.