Hurumin Kotuna: Na Tarayya da Na Jiha a Kano



Ni ba lauya ba ne, malamin Hausa ne, saboda haka zan fara da kalma. A wajen Bahaushen dā, hurumi shi ne filin da aka keɓe a gefen gari, wanda ba mai ikon shiga ya yi noma ko gini yadda ya ga dama. Masana shari'a sun ari wannan kalma domin su nuna iyakar ikon kowace kotu. A ganina, wanda ya fahimci hurumi ya fahimci tsarin kotunan ƙasar nan.

Bari mu ɗauki Jihar Kano. A cikinta akwai kotuna iri biyu, na jiha da na tarayya. A matakin ƙasa na kotunan jiha akwai kotunan majistare da kotunan shari'ar Musulunci. Waɗannan na biyu su ne magadan kotunan alƙalai na zamanin En'e, waɗanda gwamnatin soja ta karɓe daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960 ta mai da su kotunan yanki. Sama da su akwai Babbar Kotun Jiha, wadda sashe na 272 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta iko mai faɗi, sai kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 ya tsayar da ita a kan aure da saki da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi.

A ɓangaren tarayya kuwa akwai Babbar Kotun Tarayya. An kafa ta a 1973 domin shari'un kuɗin shiga na gwamnati, aka ba ta sunanta na yanzu a 1979. Sashe na 251 ya keɓe mata al'amura irin su harajin tarayya da kwastan da kamfanoni da ma'adinai da shige da fice. Rigimar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki kuma tana zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna zaton Babbar Kotun Tarayya tana gaba da ta jiha. To, ba haka ba ne. Matsayinsu ɗaya, aikinsu ne ya bambanta. Dukansu biyu ana ɗaukaka ƙararsu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda aka kafa a 1976, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja. Wato hanyoyi biyu ne da suke haɗuwa a sama.

Me zai faru idan mutum ya kai ƙara inda ba huruminta ba? Komai kyawun hujjarsa, aikin banza ya yi. A 1986 aka tuɓe Sarkin Muri, ya kai kuka Babbar Kotun Tarayya. A 1989 Kotun Ƙoli ta ce batun sarauta ba na wannan kotu ba ne. Haka kuma a rikicin sarautar Kano na 2024, kotun tarayya da ta jiha suka riƙa ba da umarni masu karo da juna, har Kotun Ɗaukaka Ƙara, a Janairun 2025, ta nanata cewa sarauta ba hurumin kotun tarayya ba ce.

Idan sarki zai yi asarar shekara uku a kan wannan, ina ga ma'aikacin da aka kora, ko matar da take neman gadon 'ya'yanta? Kuɗin lauya ya ƙare, shaidu sun watse, sannan a ce a koma farko.

Don haka, jama'a, kafin ku tambayi lauya ko za ku yi nasara, ku fara tambayarsa wace kotu ce take da hurumi.