Sojojin Rum Na Roba Da 'Yan Lifidan Kano



Batun da muka zo da shi yau wasu za su ɗauke shi wasan yara. A ƙasashen Turai akwai magidanta da ke sayen 'yan mutum-mutumin sojojin Rum na roba, kowane bai fi inci ɗaya ba, su zauna su yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Airfix na Ingila ya fito da irin waɗannan sojoji tun 1967. Sai a wanke su da sabulu, a shafa fentin farko, sa'an nan a bi da siririn buroshi: garkuwa ja, sulke launin ƙarfe, takalmi launin fata.

Abin lura shi ne, mai wannan aiki ba ya shafa launi da ka. Sai ya binciki littattafai, ya duba zanen sojojin da aka sassaƙa a jikin ginshiƙin Sarki Tarajan da aka kammala a birnin Rum a shekara ta 113, don kada ya ɗora wa soja kwalkwalin da ba na zamaninsa ba. Da haka wasa ya zama karatun tarihi.

To, mu fa? Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Har yau 'yan lifida suna fitowa a Hawan Daushe, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake kiyayewa. Amma cikinmu mutum nawa ne zai iya bambanta kayan ɗan lifida da na ɗan sulke, ko ya faɗi sunayen kayan doki guda biyar? Kuma yawancin masu ɗinka waɗannan kaya sun manyanta.

Mu da muke karatu a Wudil nauyin ya fi hawa kanmu. Sarautar Makaman Kano ta daɗe tana riƙe da ƙasar nan, kuma Gidan Makama, inda aka adana kayan yaƙin magabatanmu, yana nan cikin birni, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba.

Mun san malamai suna da magana a kan sassaƙa surar mai rai. Saboda haka shawararmu ita ce mu tsaya a kan kayan: sirdi, likkafa, garkuwa, kwalkwali da lifidi. Ƙungiyar ɗalibai ta shirya ziyara Gidan Makama, mu auna, mu zana, mu tambayi masu ɗinkin sunan kowane abu, sa'an nan mu ƙera ƙananansu da yumɓu da fata, mu yi musu launinsu na ainihi, mu ajiye a ɗakin karatu. Wanda yake son shiga ya ba da sunansa bayan taro.