Jawabi Ga Samarin Ƙaura Goje Bisa Ciwon Baƙin Ciki

Ya ku samari, ku saurara. Wani almajirina ya bar ci, ya bar barci, ya ƙaurace wa mutane. Na ce lalaci ne, na yi masa faɗa. Abokinsa ne ya ga tabon reza a hannunsa, ya zo ya gaya mini. Na ji kunya ƙwarai.

Ku sani, baƙin ciki mai daɗewa cuta ne, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke halaka kansu kowace shekara.

Yaro ya fi buɗe cikinsa ga tsaransa bisa ga malaminsa. In ya faɗa muku, kada ku yi dariya, kada ku kai zancen majalisa. Ku tambaye shi a fili ko yana nufin kashe kansa. In ya ce i, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku kawar da wuƙa da guba, ku sanar da babba, a kai shi asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano. Wannan ba tonon asiri ba ne.

Yaron nan ya samu sauƙi, ya koma allonsa. Wassalam.