Wuƙar Likita da Sankarar Hanta



Tambayata a yau ita ce: in likita ya san wuƙarsa ba za ta raba majinyaci da sankarar hanta ba, mene ne amfanin tiyatar?

Allah ya yi wa hanta baiwa. In lafiyayya ce, ana iya yanke wajen kashi biyu cikin uku nata, ragowar ta sake tofowa. Amma sankara galibi takan tsiro ne a hantar da ciwo ya riga ya ƙandarar, wadda ba ta jure babban yanka. Ga shi kuma cutar ba ta da hayaniya. Sau da yawa kafin ciki ya kumbura, idanu su yi rawaya, ta riga ta shiga jijiyoyin jini ko ta kai huhu.

A wannan hali, wani lokaci likita yakan cire babban ƙarin don ya tsai da jini in ya fashe, ko ya rage raɗaɗi. Majinyaci yakan sami sauƙi, amma abin da aka bari ba ya daina girma. Saboda haka galibi ba ya kai tsawon kwanan wanda aka cire wa cutar ƙaf. Ko shi wancan ɗin, ƙiyasin likitoci shi ne cutar takan dawo wa kusan 70 cikin 100 cikin shekara 5. Maganin sorafenib kuwa, a babban gwajin da aka buga a 2008, kusan wata 3 kaɗai ya ƙara wa masu shansa.

Ashe ke nan haƙƙin iyali ne, kafin su sayar da gona, su tambayi likita ƙarara: wannan aiki na warkarwa ne, ko na sauƙaƙawa? Sauƙi ma rahama ne, muddin an san shi aka saya.

Manyan tushen cutar a ƙasarmu biyu ne: ƙwayar ciwon hanta nau'in B, da dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi. Taiwan ta soma yi wa jarirai rigakafi a 1984, sankarar hanta ta ragu a yaranta. Nijeriya ta shigar da allurar cikin rigakafin yara a 2004, ana son jariri ya samu cikin awa 24 da haihuwa.

Ku manyan gobe, ku je a gwada jininku, ku kuma isar da wannan magana gida.