BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jawabin da wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa, haifaffen Disina, ya gabatar a taron da ƙungiyarmu ta shirya wa ɗalibai 'yan jami'a a nan Agege



Da sakatare ya same ni a rumfa ya ce ni zan yi magana a kan yadda za a koya wa 'yan jami'a tafiyar da aiki, sai da na yi dariya. Na ce masa, Malam, ni fa iyakata Islamiyya, ban taɓa zama a ajin jami'a ba. Ya ce ai shi ya sa. To, tunda an ba ni dama, zan faɗi abin da shekara talatin ta lodi da sauke kaya tsakanin gida da Ikko ta koya mini, da kuma abin da na tsinta a bakin yaranmu masu karatu. Inda na yi kuskure a gyara mini.

Bari in fara da abin kunyarmu, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da yawanku kun san mun yi karo-karo a nan don gina azuzuwa uku a gida Disina. Ni ina cikin kwamitin, saboda haka ba da wani nake ba, da kaina nake. Kuɗi na shigowa muka aika aka haƙa fandisho. Ba mu rubuta bulo nawa za a ci ba, ba mu san buhun siminti nawa ba, ba mu tambayi kafinta kuɗin katako da kwano ba. Muka ce a dai fara, Allah zai kawo sauran. Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi. A farkon 2024 buhun siminti da muke saye wajen naira dubu biyar ya kai dubu goma a wasu wurare. Gini ya kai linta, kuɗi suka ƙare, damina ta sauka a kansa. Yau in ka je, awaki ne ke kwana a ciki, yara kuwa suna nan a gindin bishiya.

Jama'a, ba wanda ya ci ko sisin kwabo a cikin kuɗin nan. Wannan na rantse a kai. Amana ba ta yi ƙaranci ba, tsari ne babu. Kuma abin da ya fi ci mini rai, a lokacin muna da 'ya'ya a jami'a, har da masu karanta lissafin kuɗi da masu karanta gine-gine, amma ba mu kira ko ɗaya mun ce zo ka duba mana ba. Su ma ba su ce uffan ba, don sun ɗauka aikin manya ne.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A 2011 wani kwamiti da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoton cewa ya ƙirga ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba, waɗanda ƙarasa su zai ci naira tiriliyan 7.78. Mu 'yan ƙasar Katagum ba ma sai an ba mu labari ba. Madatsar ruwa ta Kafin Zaki da ke ƙasar Ningi, a kan kogin Bunga wanda ke gangarowa ya zama kogin Jama'are, tun zamanin Shugaba Shehu Shagari aka fara ta, aka tsayar a 1984, aka yi ta tadawa ana ajiyewa. Ban da maganar kuɗi, akwai mutanen Yobe da Borno da ke tsoron in an tare ruwa a sama fadamunsu da kamun kifinsu za su mutu. Ka ga ke nan aiki ba siminti da rodi ba ne kawai, sai an zauna da duk wanda abin zai shafa tun kafin a sa hannu.

To mene ne wannan ilimi na tafiyar da aiki? Yaranmu sun ce mini darasi ne mai zaman kansa, har akwai jami'o'in fasaha, kamar ta Owerri, da ke ba da digiri a kansa. Sun nuna mini wani zane mai layi-layi da ake jera ayyuka a gefe, kwanaki a sama, kowane aiki a ja masa layi daga ranar farawa zuwa ranar gamawa. Sunan wani Ba'amurke, Henry Gantt, aka sa wa zanen, ya kuwa haura shekara ɗari ana amfani da shi. Sun ce a wajen 1957 wani kamfanin Amurka mai suna DuPont ya fito da dabarar gano jerin ayyukan da in ɗaya ya makara, dukkan aikin ya makara. A 1969 kuma masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu a can Amurka.

Da suka gama bayani sai na ce, ashe abin da kakanninmu fatake ke yi ne aka sa masa riga. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro watanni yake yi a hanya, kuma ba a tashi da ka. Akwai madugu, shi ne uban tafiya, magana ta ƙare a kansa. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da inda za a yada zango. Akwai uban dawaki mai tattara kuɗin fito da na sarakunan hanya. Akwai malamin ayari mai rubutu. An san yaushe za a tashi don kada damina ta tare mutane a bakin kogi, an san guzuri, an san kowa da aikinsa. Irin waɗannan ayarori ne suka haifi zangunan Hausawa tun daga Salaga har Kumasi, kuma neman goro na cikin abin da ya zaunar da iyayenmu a nan Agege. Don haka kada wani yaro ya ɗauka tsari baƙon abu ne a wurinmu.

Ko yau ɗin nan, duk wanda ya taɓa lodin tumatir ko tattasai zuwa kasuwar Mile 12 ya san wannan dabara ta DuPont ko da bai san sunanta ba. Kwanduna za ka iya sayensu tun mako guda kafin lodi, in sun makara da kwana ɗaya ba abin da ya ɓaci. Amma daga sa'ar da aka tsinke tumatir a gona, agogo ya fara bugawa. In mota ba ta iso ba, in 'yan lodi ba su hallara ba, in direba ya kwana a hanya, kayanka ruwa za su zama. Saboda haka ba ka cewa a tsinka sai ka ga mota da idonka. Mu a ginin azuzuwa mun tsinke tumatir ba mota.

Yanzu ga abin da nake so in faɗa, kuma shi kaɗai ne ya kawo ni. Wannan ilimi ba ya zama a kan yaro sai an damƙa masa aiki na gaske, da kuɗi na gaske, da ranar da za a tambaye shi. Ni ba da karatu na koyi kasuwa ba. Ubangidana ya aike ni da kuɗin buhu biyar na wake, na dawo da huɗu da rabi don ban lissafa kuɗin dako da na dillali ba. Bai dake ni ba, ya dai sa na zauna na faɗi inda kowace naira ta tafi. Tun ranar ban sake tashi ba lissafi ba.

Alhamdu lillahi, yau makarantu sun zo mana har gida. Akwai jami'ar jiha a Gadau wadda ta fara a 2011, yanzu ana kiranta Jami'ar Sa'adu Zungur. Akwai jami'ar tarayya ta kimiyyar lafiya da aka kafa a Azare a 2021. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Gwamnati ma ta daɗe da gane cewa aji kaɗai bai isa ba, shi ya sa tun 1973 asusun horar da ma'aikata na ITF ya fito da shirin SIWES, inda ake tura ɗalibi ma'aikata ya yi watanni yana koyo. Shiri ne mai kyau. Amma ku faɗi gaskiya, 'ya'yana, sau nawa ake miƙa wa ɗan koyo kuɗi a ce je ka gama wannan ka kawo rahoto? Galibi kallo yake yi, a sa masa hannu a littafi, ya dawo. To, abin da ma'aikata ba za ta yarda ta ba shi ba, mu iyayensa muna iya ba shi.

Shawarata ita ce, azuzuwan nan uku mu miƙa ƙarasa su ga ɗalibanmu a dogon hutu mai zuwa. Su zaɓi madugunsu da ma'ajinsu da magatakardansu, maza da mata, don 'yan matanmu ma suna jami'a, kuma mun san wa ke riƙe da adashi a gidajenmu ba tare da ya watse ba. Dattawa biyu su tsaya a bayansu, ɗaya a nan, ɗaya a gida. Amma kafin a saki ko naira ɗaya, sai sun kawo mana takarda mai amsa tambayoyi biyar.

Ta farko, me ake so a yi, kuma ina iyakarsa? In rufi da ƙofofi da tagogi ne, a rubuta haka. Kada a tsakiyar aiki wani ya ce a ƙara ofis, wani ya ce a zagaye da katanga. Buhun da ba a ɗaure bakinsa ba ba ya cika.

Ta biyu, nawa zai ci? Ba ƙiyasin zaune ba. Su je Disina su auna ginin da birkila da kafinta, su duba abin da ruwa ya ɓata, su shiga kasuwar Azare su tambayi farashi a shago uku. Su sa kuɗin mota da na lebura da na ruwa. Sannan su ware wani abu a gefe saboda tashin farashi, don mun ga abin da siminti ya yi mana.

Ta uku, yaushe? Me ke gaba, me ke biye, wanne ne ba ya jure jira? Duk ɗan ƙasarmu ya san ruwa na sauka sosai daga Yuni zuwa Satumba, kuma lokacin magina da leburori suna gona. Wanda ya ajiye rufi sai Agusta ya shirya wa kansa kuka. In hutun ya faɗo cikin damina, to a yi awo da ƙiyasi da tara kuɗi a lokacin, a bar aikin hannu sai kaka ta wuce.

Ta huɗu, wa ke da alhakin me? A rubuta suna a gaban kowane aiki. Aikin da aka ce na kowa ne, ƙarshensa ba na kowa ba ne. Kuma su fara da gaisuwa wurin mai unguwa da shugaban makaranta da iyayen yara, su ji ta bakinsu. Darasin Kafin Zaki ke nan a ƙaramin ma'auni.

Ta biyar, yaya za mu san inda aka kwana? Kowace Juma'a a turo rahoto ta waya, da hoto, da rasit. Abin da aka kashe, abin da ya rage, abin da ya gagara. Mu da muka yi Islamiyya mun san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka neman rasit ba zargi ba ne, kariya ce ga mai riƙon amana.

Na san abin da wasu 'yan'uwana ke faɗi a zuci: yaya za mu ba yara kuɗin jama'a? In suka ɓata fa? Tambaya ce mai kyau. Amsata biyu ce. Ɗaya, kuɗin ba dunƙule za a ba su ba, kashi-kashi ne, in sun gama mataki sun kawo lissafi a saki na gaba. Biyu, mu manya da muka riƙe, ina muka kai? Yaran nan gobe su ne injiniyoyi da akantoci da daraktoci a ma'aikatu, za a ɗora musu ayyukan miliyoyi. Gara su yi kuskuren buhu biyu na siminti a gabanmu mu gyara musu, da su yi kuskuren asibiti guda a inda ba mai gyarawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma ɗalibai, kada ku je gida da girman kai. Birkilan da bai yi boko ba ya san ƙasar Disina fiye da littafinku. Ku tambaye shi, ku rubuta abin da ya ce. In kun koma makaranta ku nuna wa malamanku takardar, ku roƙe su su duba muku ita. Wanda ya zo rubuta furojet ɗinsa na ƙarshe, ga abin rubutawa a ƙofar gidansu. Kuma ranar neman aiki, wanda zai ce na riƙe kuɗin jama'a na rufe azuzuwa uku, ga lissafi, ba daidai yake da mai takardar digiri kawai ba.

Ni dai na yi alkawari a gaban wannan taro, ranar da takardar nan ta iso hannun shugaba da amsoshinta biyar, bandir ɗin kwano na farko a wuyana yake. Sakatare ya rubuta, don kada ni ma in zama cikin masu magana ba rasit.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya kai mu gida lafiya.